Ranar Da Inna Maire Ta Zo Ta Ɗaya

Duk da na daɗe da ajiye aiki na koma kula da gida, ranar da aka tafa wa Inna Maire ba ta fita daga raina ba. Ƙarshen shekarun casa'in ne, ina mataimakiyar nas a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Karaye. Aikina awon zafin jiki, wanke ciwo, da kama hannun mara lafiya idan za a ɗebi jini. Shugabanmu jami'in lafiya ne da muke kira Incaj, mutum mai son taro kamar sanƙira.

Inna Maire Bafulatana ce daga Kwanyawa, mai fura da nono. Ƙafafunta suka fara sandarewa a hankali, har talla ya gagare ta. Sai ta riƙa jan jiki da sanda zuwa ƙofar asibitinmu, ta ajiye ƙwaryarta a inuwar darbejiya. Mijinta ya rasu, wannan ƙwaryar ce ke ci da ita.

Wata likita mai bincike, Dakta Bilki, ta zo daga birni ta ɗebi jinin masu irin ciwonta, daga Karaye har Rogo. Ta yi mana bayani cewa akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a jini ta riƙa cin lakar baya, kuma waɗanda ciwon ya kama galibi ƙwayar ta fi yawa a jininsu. Yawan ƙwayar suke aunawa. Ta ce dangin ƙanjamau ce ta nesa, amma ba ita ba ce.

Da sakamako ya iso, Incaj ya ga lambar Inna ta fi ta kowa. Ranar kuwa kansila ya kawo ziyara. Aka jera benci, Incaj ya sha babbar riga, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, a binciken nan ko Rogo ba ta kamo mu ba. Mu muka zo na ɗaya! Inna, miƙe a gan ki."

Matar da tsayuwa ke yi wa wuya, ni na tallafe ta. Aka tafa, har da guɗa. Ta raɗa mini, "'Yar nan, kyauta za a ba ni?"

Kansila ya ce, "Madalla. To ɗaya a me?"

"A yawan ƙwayar cuta, ranka ya daɗe. Ƙanwar ƙanjamau ce."

Tafi ya mutu a hannun mutane. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa, kuma a hanya an yar da "ƙanwar". Washegari ko kallon ƙwaryar Inna ba a yi ba. Incaj da kansa ya sa aka wanke bencin da ta zauna da ruwan magani. Kullum sai ta kawo fura, yamma ta yi ta juye wa awaki. Nakan saya, amma cikina ɗaya ne.

Da Dakta Bilki ta dawo ta tarar da ƙwarya cike da azahar, ta tambaye ni, na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta aika a kira Incaj ƙofa, ta zauna a tabarmar Inna ta ce, "Inna, dama mana." Inna ta dama a kwano, Dakta ta sha a gaban masu jiran magani, ta miƙa wa Incaj ludayin.

"Bismilla, Malam."

"Ai ranki ya daɗe, azumin nafila nake."

"Da goro a bakinka?"

Kun san al'adarmu, baƙo ba ya miƙo wa mai masauki abu ya ƙi. Ya runtse ido ya kurɓa kamar mai shan maɗaci. Inna ta ce, "Ƙara, ɗana. Wanda ya sa aka tafa mini ai bai kamata ya sha kaɗan ba." Sai da ya ga ƙasan kwano.

Sannan Dakta ta ɗaga murya ta ce wannan cuta ba a ɗaukar ta a ƙwarya ko ludayi. Masu saye suka dawo, amma ba duka ba. Ƙafafun kuwa ba su warke ba har Allah ya karɓi abarsa, Allah ya ji ƙanta.

Ku da kuke aikin yanzu, sakamakon jini amana ce, a kunnen mai shi ake faɗar sa. Incaj dai har aka yi masa canjin wurin aiki, yana shiga kasuwa mahauta za su ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, yau wa ya zo na ɗaya?"