Saura Tafin Hannu Ɗaya

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata, Guduma kowa ke ce masa. Shekara talatin da takwas ya yi a wurin fasa dutse, kuma bai taɓa iya baro aikin a can ba. Ƙofar da ta cije ta sha ƙafa. Rediyon da ya yi gardama ya sha bango. 'Ya'yansa uku sun sha abin da ya fi haka, babbar har yau akwai tabon kan bel a bayan kunnenta. Matarsa kaɗai bai taɓa ɗaga wa hannu ba, don in ta kafe shi da ido hannun da kansa yake mutuwa.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, aka sallamo ta daga asibiti a keken guragu. Gidansu tsoho ne, banɗakin kuwa ɗan tsugul, taku biyu ka ci bango. Keken ya ƙi shiga ƙofarsa, saura faɗin tafin hannu ɗaya. Kullum sai dai ya cicciɓe ta. Ran wata Talata santsi ya kwashe shi, suka zube tare, goshinta ya daki abin wanke hannu na tangaran. Ɗinki biyar aka yi mata.

Babbar 'yar ta zo ta tsaya masa ƙerere a tsakar gida.

"Baba, ran Asabar zan zo da mota. In keken nan bai shiga ba, zan tafi da Mama gidana."

"Ki tafi da wa?"

"Ka ji ni."

Ya ɗaga hannu. Ko gezau ba ta yi ba, idon uwarta ne da ita sak. Ya sauke.

Washegari ta aiko magini. Mutumin ya ƙwanƙwasa bango, ya soka wuƙa a katakon da ke saman ƙofar, gari ya zubo.

"Baba, gara ta cinye wannan, ga tankin ruwa zaune a kansa. Sai an tokare sama kafin a taɓa ƙasa."

"Ni za ka koya wa dutse?"

Ya ci kwalarsa, ya ja shi ƙiii har bakin titi, ya bi shi da jifa da jakar kayan aikinsa. Gaskiya magini ya faɗa, amma wa ya isa? Mai hali ba ya fasa halinsa.

Ran Alhamis da hantsi ya ciro tsohuwar gudumarsa daga ƙarƙashin gado. Abin wanke hannun nan ya fara sauke wa, don ramuwa. Bugu ɗaya ya tarwatse, wani ɓalli ya tsaga masa damtse. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Tayil ɗin bango ya yi ta fallatsa yana sukarsa a fuska, ƙura ta cika masa baki. Daga ɗaki matar ta kira da harshenta da ya karye, "Maigida, a hankali." Ya ji sarai, ya ƙara ƙarfi. Wanda ya gan shi zai ce fushi ne, amma tsoro ne ke cinsa, tsoron ya wayi gari a gidan nan babu ita.

A wurin fasa dutse ba a bin dutse ta sama. Gindinsa ake rarakewa, in ya yi ƙara a yi tsalle baya, nauyinsa ya kawo shi ƙasa. Haka ya yi wa bangon, yana daga cikin banɗakin. Ya durƙusa ya ci gindin har sai da ya ji ƙarar nan da ya sani, ya yi tsalle baya kamar yadda ya saba. Amma a can fili ne a bayansa. A nan gadon bayansa ya daki bango.

Katakon ya karye, bulo ya rufto, tankin ya biyo su ya fashe. Ƙafarsa ta dama ta karye biyu, ƙashi ya huda fata. Ruwa da jini suka malala har ƙofar ɗakin da matar ke kwance tana ihun da ba ya fita.

Maƙwabta suka tono shi, amma ɗaukar ƙato irinsa ta gagare su. Ana cikin haka babbar 'yar ta iso. Ta turo keken uwarta ta kan ɓaraguzai. Keken ya shige har cikin banɗakin bai gogi ko'ina ba. Ta sunkuya ta zura hannu a hammatarsa, tabon nan na bayan kunnenta ya zo daidai idonsa. Bai taɓa ganinsa kusa haka ba, kunya ta kama shi fiye da zafin ƙafar.

"Kin gani," ya ce, haƙoransa duk jini. "Ya shiga."

"Na gani, Baba."

Ran Asabar ta zo da motar kamar yadda ta ce, ta ɗauki uwarta, ta sa wa gidan kwaɗo. Shi kuma da aka sallame shi daga asibiti bayan wata guda, gidan 'yar aka kai shi, a keke na biyu. Ita take masa wanka.