Inna Mai Ɓawo da Bandejin da Ya Makara

Kafin idonka ya ga Inna Mai Ɓawo, hancinka ya riga ya gaishe ta. Ƙarnin jatan lande ne, irin wanda sabulu ya daɗe da sallama wa. A motar haya kujerar da ke kusa da ita ce ke cika a ƙarshe, ita kuwa sai ta yi dariya ta ce ko matar manaja ba ta samun wannan sarari.

Ɗakinta shi ne na can baya a masana'antar da take aiki, inda baƙi ba sa leƙawa. Da safe direba zai juye mata buhunan ɓawon jatan lande da na ƙaguwa, sharar da masu gidajen abinci ke murnar rabuwa da ita. Ta wanke, ta shanya, ta niƙa. Ta jiƙa a ruwan asid har taurin ya zube, ta dafa a ruwan soda har ragowar naman ya fita, ta sake dafawa a wata sodar da ta fi ta farko zafin rai. Daga nan sai ɗauraya, ɗauraya kuma ba ta wasa ba, don in soda ta saura ko kaɗan, mai ciwo ne zai sha ƙuna. Abin da ke fitowa farin gari ne, masu farar riga suna ce masa kitosan. Da shi ake kwantar da laka a ruwan sha, ana shafa wa 'ya'yan itace don kada su yi saurin ruɓa, ana kuma yin bandejin da ke tsayar da jini ya taimaka wa ciwo ya haɗe.

Direban ya shaida mini cewa tun yana saurayi yake kai mata kaya, yanzu ga furfura, bai taɓa ganin ta gajarta ɗauraya don ana sauri ba. Mai shirya kwalaye ta ce hannun Inna ya zama kamar tsohon takalmi, duk da safar roba. Hoton tallan kamfani kuwa, na wata kyakkyawar budurwa ce da ba ta taɓa jin warin ɗakin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bara maigidanta, tela mai ciwon suga, ya taka ƙusa a shago. Ciwon ya ƙi rufewa. Likita ya duba ya ce in an sami irin bandejin nan a gwada, in ba haka ba ƙafar tana cikin hatsari. A kantunan magani babu, don duk wanda aka yi, jirgi ake loda wa zuwa ƙasashen waje. Inna ta wanke hannu har sau ba adadi, ta hau bene wurin manaja.

"Ranka ya daɗe, kwali ɗaya nake roƙo. Ƙafar maigidana ce."

"Allah ya ba shi lafiya, Inna," in ji shi, yana tura taga da hannu. "Amma kayan nan duk da masu su. In na buɗe miki ƙofa, gobe kowa da majinyacinsa. Bari dai mu gani."

Bari mu ganin nan ta yi ta bi har ƙafar ta fara baƙi. Ranar da ƙanwar mijin ta zo dubiya, ba ta ko zauna ba.

"Matar Yaya, ke da ke kwana ki tashi cikin garin maganin, ki ɗebo hannu ɗaya mana a barbaɗa. Ko sai ya mutu?"

"Nawa ɗanye ne," Inna ta ce. "Sai an kai shi ɗakin kashe ƙwayoyin cuta. In na zuba masa haka, da hannuna na ƙara masa ciwo. Na kwali kuma ba nawa ba ne."

"To ki jiƙa amanarki ki sha."

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Mai shirya kwalaye da kanta ta ce ta taɓa barin sito a buɗe da gangan, ta fita shan iska. Inna ta zo wucewa, ta tsaya a bakin ƙofar tana kallon kwalayen, hawaye na zuba. Sai ta ja ƙofar ta rufe, ta koma kan tukunyarta.

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ni ba likita ba ne, ba zan rantse cewa bandejin zai cece ta ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a bari an gwada ba. Har yau dangin miji ba sa amsa gaisuwarta da kyau, keken ɗinkin kuma yana lulluɓe a lungu.

Watan jiya ta yi ritaya. Aka jera kujeru, manaja ya yi jawabi, ya kira ta uwar kamfani, aka tafa. Sannan aka miƙa mata kwando mai ƙyalli, cike da kayan da masana'antar ke yi. Ta ɗaga takardar sama. Kwalin bandejin ne a kai, sabo fil. Na ji kunya a madadin duk wanda ya tafa, kuma har yanzu haushin bai sake ni ba.

Ke ce, Inna, mai wanke sharar wasu ta zama maganin wasu. Ke ce kika tsayar da jinin mutanen da ba za su taɓa sanin warin hannunki ba. Mun gode, ko da godiyar ma ihu ce bayan hari. Allah ya biya ki, don mu mun kasa.

Masu karatu, in za ku yi koyi, kada ku yi da masu jawabi. Washegarin bikin ritayar Inna ta ɗauki kwalin ta koma asibitin, ɗakin da mijinta ya yi jinya. Ta ajiye shi a gaban ma'aikaciyar jinya, ta ce, "'Yata, duba mini wanda tasa ƙafar take nan tukuna, a sa masa."