Zakka Mai Haɗa Kwamfuta da Allon da Ya Makara

A Gumel, in ka tambayi masu ɗaukar hoto da masu zanen katin biki wa ya haɗa musu kwamfuta, suna ɗaya za ka ji, sai dai kowa da ƙorafin da zai raka sunan da shi. Mai buga kalanda na bakin kasuwa zai ce Baba Zakka mutumin kirki ne, amma akwai nawa. Rayhana, mai ɗaukar hoton bikin mata a Gagarawa, cewa take yi ya fi dangin miji bin diddigi. Wani da ke zana tambarin buhunan riɗi da zoɓo a Maigatari har yanzu yana mitar an hana shi akwatin kwamfuta mai fitilu kala-kala. Matarsa Miriam kuwa dariya take musu, ta ce ai su nasu mai sauƙi ne, ita ko tukunya za a saya a gidan sai ya tambayi me za a dafa a ciki. Amma duk masu ƙorafin nan, babu wanda ya taɓa kai aikinsa wani wuri.

Daga Kagoro ya zo tun yana saurayi, yana gyaran tafireta a ofisoshin gwamnati. Da aka daina yayin tafireta bai zauna yana kukan zamani ba, ya riƙa shiga motar Kano yana koyon cikin kwamfuta a hannun waɗanda ya haifa a shekaru, suna ce masa Baba, suna aikensa ya miƙo sukundireba. Yau shagonsa ɗan ƙarami ne. Yakan buɗe da sassafe, ya share, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Ranar Lahadi shagon a rufe yake. Ranar Juma'a kuwa, in an tafi masallaci, maƙwabtansa ba sa ja wa shagunansu ƙofa, sai dai su ce, "Zakka, ga shi nan."

Abin da ya bambanta shi da sauran masu sana'ar shi ne, ba ya zaɓa wa mutum kayan kwamfuta daga cikin shago. Sai ya je ya ga ɗakin da za ta zauna. Ko a Ɗanzomo kake, zai hau mota ya same ka, ya nemi kujera ya koma gefe, ya ce ka ci gaba da aikinka kamar ba ya nan. Zai lura da inda rana take faɗowa ta taga. Zai taɓa bango ya ji zafinsa. Zai tambaya ko wutar gari ake amfani da ita, ko janareta, ko sola, kuma wa ke taɓa na'urar in ba ka nan. Sai ya gama wannan duka sannan zai buɗe baki a kan kaya.

In aikin hoto ne da zane, yakan ce kada a yi rowar ram, domin ita ce faɗin teburin da kwamfuta take baza aiki a kai, in ta yi kaɗan sai hoto ɗaya ya tsayar da kai wuni. Firosesa kuwa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yakan zaɓi mai ƙarfi wadda ba ta cika ɗaukar zafi ba, saboda ya san bazarar garinmu. Katin da ke fito da hoto a allo mai tsada, irin wanda samari suke so don wasannin kwamfuta, yakan ce a bar shi, a sayi matsakaici, a juya abin da ya rage kan akwatin wuta mai kyau, tun da shi ne yake tare wa sauran kayan duk haukan da wuta za ta yi. Akwatin kwamfutar kuma baƙi, mara ado, mai wadatar fanka. Sannan wurin ajiyar hotuna a cikin kwamfutar guda biyu, ba ya sauka daga wannan ko za ku ɓata. Rayhana ta yi rigima da shi a kan haka, ta ce ɗaya ya ishe ta. Ana tsakiyar bukukuwan gabanin azumi ɗayan ya mutu da hotunan amare a ciki, ta iso shagon ko gaisuwa ta kasa yi. Ya buɗe na biyun, ga su nan cif. Bai ce mata ai na faɗa miki ba, ruwa ya miƙa mata.

Kai ne, Zakka, wanda ba a ganin sunansa a ƙasan kati ko a bayan hoto, alhali kusan duk katin bikin da aka raba daga Gumel zuwa Sule Tankarkar ya bi ta cikin abin da hannunka ya ɗaura. Kai ne mai sauraron na'ura kamar yadda ake sauraron mara lafiya. Mai hannun sanyi, mijin Miriam, baƙon da ya zama ɗan gari.

Sai dai akwai abu ɗaya da ya fi tsanantawa a kai fiye da kome, wato allon da ake kallon aikin a jikinsa. Yakan ce allo mai araha maƙaryaci ne, zai nuna maka fuskar baƙin mutum ta yi toka-toka ko ta yi ja, ka yi ta gyaran abin da bai lalace ba, sai an buga a takarda ka ga ɓarnar da ka yi. A kan wannan tsananin ne abin da ya tsaya masa a rai ya faru, kuma ba za a yi masa jinjina ta gaskiya a tsallake shi ba.

Alhaji Gudaji shi ne tsohon mai hoto na garin, kuma shi ne ya fara ba Zakka ɗakin haya lokacin da ya zo bai san kowa ba. Da tsufa ya zo, 'yarsa Sa'adiya ta karɓi shagon, tana zanen kati da gyaran tsofaffin hotuna. Alhaji yana da buri ɗaya. Hoton kala na farko da ya taɓa ɗauka a rayuwarsa na marigayiya matarsa ne, Hajiya mahaifiyar Sa'adiya, tana zaune cikin koren zane. Shekaru sun cinye kalar, koren ya koma ruwan ƙasa, fuskar ta yi ja. Sa'adiya za ta iya mayar da kalar a kwamfuta, amma ba ta san zanen ba, an rabar da shi tun tana goye. Alhaji kaɗai ya rage a duniya da ya san wane irin kore ne. Yakan ce ba koren tuta ba ne, ba na ganyen darbejiya ba ne, in ya gani zai gane. Dole sai ya zauna kusa da ita tana juya kalar, shi kuma ya ce tsaya, shi ne wannan.

Zakka ya zo gidan kamar yadda ya saba, ya wuni a gefe. Ya sa aka matsar da tebur daga jikin taga. Ya zaɓi kaya kamar wanda zai haɗa wa kansa, ya je Kano ya ɗauko, ya ɗaura kome cikin kwanaki kaɗan. Allo ne kawai ya rage. Irin wanda yake so babu shi a Kano a lokacin, sai an aiko daga Legas. Na farko da ya iso ya fashe a hanya, aka mayar. Na biyu kuma mai kawowa ya yi ta cewa gobe, jibi.

Sa'adiya ta same shi a shago, ta nuna wani allo da ke ajiye a kan kanta, ta roƙe shi ya ara musu su fara da shi. Ya girgiza kai. Ya yi mata bayani a tsanake cewa in Alhaji ya zaɓi kore a wannan allon, wani koren daban za a buga, kuma shi ba zai ɗora wa mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna haske abin da zai yi masa ƙarya ba. Ta ce idon mahaifinta yana ba shi matsala. Ya ce ai ya sani, shi ya sa ma yake so ya gani da kyau. Abin da bai sani ba, kuma ita kanta ba ta gama sani ba, shi ne hawan jinin ido ya ci ƙarfin tsohon, yana ɓoyewa ne kawai. Mai hoto ba ya son a ce ba ya gani. Zakka, wanda ya lura da tsagar bango da inda inuwa take kaiwa da la'asar, bai lura cewa a wunin da ya yi a gidan Alhaji lalube ya yi kafin ya kama kofin shayi ba.

Damina ta shiga kafin allon ya iso. Zakka ya ɗauko shi da kansa, rungume, ya jona, ya daidaita haskensa. Aka kamo hannun Alhaji aka zaunar da shi. Ya matso da fuskarsa har ta kusa taɓa gilashin, ya daɗe a haka, sannan ya yi murmushi.

"Ma sha Allah. Ita ce kuwa. Zakka, ka yi aiki."

A lokacin Sa'adiya ba ta ma buɗe hoton ba. Babu kome a allon sai fari fat. Ta dubi Zakka, shi kuma ya dubi ƙasa, ya tattara kayan aikinsa ya fita.

Kwamfutar nan har yau tana aiki, ba ta taɓa ba da kunya ba, da ita Sa'adiya take riƙe da gidan. Hoton kuwa ta gyara fuskar, ta bar zanen yadda shekaru suka bar shi, ta ce ba za ta saka wa mahaifiyarta kayan da ba nata ba. Zakka ya ci gaba da zuwa duba na'urar ba tare da an kira shi ba. Yakan zauna da Alhaji a zaure su yi ta tsiya, Alhaji ya ce Kagoro ta kasa riƙe shi ne ya gudo, shi kuma ya ce ai tausayin mutanen Gumel ne ya kawo shi. Maganar allo dai ba wanda ya taɓa tayar da ita. Sa'adiya tana gaishe shi da ladabi, gaisuwar ba ta wuce nan. Miriam ta ce tun daga lokacin, duk wanda ya zo jiran kaya, sai mijinta ya ɗora masa na aro ya tafi da shi, kuma in ya je ganin ɗaki yakan fi daɗewa yana kallon mai ɗakin.

Yanzu hannu ya fara rawa, ƙananan kusoshi suna zame masa, 'ya'yansa kuma sun matsa ya koma gida ya huta. Ƙarshen watan nan shi da Miriam za su tashi. Mun gode, Zakka. Mun gode da zaman lafiya, da amana, da hotunan iyayenmu da ba su salwanta ba saboda taurin kanka. Masu tasowa a wannan sana'a, ku ɗauki haƙurinsa da tsoron ha'incinsa, ku je ku ga inda aikinku zai zauna. Ku kuma ɗauki abin da ya yi a makon jiya, domin shi ma aiki ne, kuma ya fi ɗaura kusa wuya.

Ya je sallama gidan Alhaji Gudaji da hantsi. Ya tarar da shi a zaure kan buzu, Sa'adiya tana zuba masa kunu. Tun daga takunsa tsohon ya gane shi.

"Ɗan Kagoro, an ce za ka gudu. Wa ka bar wa mu?"

Zakka bai rama ba. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa dab da buzun, abin da bai saba yi ba. Sa'adiya ta miƙe za ta ba su wuri, ya ce ta zauna, maganar har da ita. Alhaji ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashinsa, ya tambaye shi ko lafiya.

"Alhaji, ranar da na kawo allon nan, babu kome a jikinsa lokacin da ka yaba."

"Na sani," in ji tsohon. "Ai na ji Sa'adiya ba ta taɓa kome ba. Kunyarka na ji, ka sha wahala."

Zakka ya kamo hannunsa da hannuwansa biyu.

"Yarinyar nan ta zo ta roƙe ni, ga allo a ajiye, na hana. Da ko ba koren daidai ba ne, da ka ga Hajiya. Ni na hana ka ganinta, Alhaji, kuma na daɗe da sanin haka na yi shiru. Ka yafe mini. Sa'adiya, 'yata, ke ma ki yafe mini."