Bencin da Ba Ya Riƙe Mutum

Shekara talatin Baba magini yana gini, bai taɓa ɗora bulo a karkace ba. Sai ga aikin filin gaban gidan gwamnati, inda masu koke suka saba yini. Injiniya ya ce a karkata bencinan siminti gaba, wai don ruwan sama ya zurare. Baba ya lura an sare itatuwan inuwa, an cire famfo. A ransa ya ce ruwa dai ba ya tsami banza.

Da aka gama, ya zauna ya gwada. Ko minti biyar bai yi ba, gwiwoyinsa suka gaji da tokarewa, ya miƙe.

A gida matarsa ta ce, "Malam, ka cika zargi."

Ya ce, "Zargi? Da hannuna na gina shi, kuma ni ya fara kora."