Raken da Na Karya a Gonar Turawa

Mun tashi da asuba daga unguwar Nu'aija a Doha, ni da maigidan da nake yi wa tuƙi da iyalinsa. Hutu za su je tsibirin Moris. Ni nawa akwatuna ne da sitiyari. Ina loda kaya saƙon yayana ya shigo: mai son sayen gonar rake ta marigayi babanmu a Maƙarfi ya matsa, kowa ya yarda, amsata ake jira. A raina na gama cewa a sayar. Na sari rake tun ina yaro har tafin hannuna ya yi kanta. Ba na kewarsa.

Moris kore ne shar. Ruwa yana sauka ba sallama, ya ɗauke ba sallama. Ta hagu suke tuƙi, duk sanda zan ba da sigina sai in kunna waifa, maigida yana ta dariya. Titunan ƙauye matsattsu ne, rake hagu da dama ya fi mota tsawo. A bakin hanya na ci wata siririyar wainar wake da miyar yaji. Tana da arha, tana riƙe ciki.

Wata rana muka je tsohuwar gonar sukari ta Turawan mulkin mallaka, an mayar da ita wurin tarihi. Gidan mai gonar na katako ne, baranda ta zagaye shi, farantansa suna jere kamar yanzu zai zauna cin abinci. Iyalin maigida suka shiga ɗaukar hoto. Kuɗin kofin ruwan rake a wurin zai saya maka dami a gida.

Wata dattijuwa ce ke zagayawa da mu. Ta kai mu baya, ta nuna mana tukwanen dafa sukari, irin namu na mazarƙwaila, amma ƙato zai kwanta a ciki. Sai ɗakunan ma'aikata, na dutse, babu taga. Tana bayani, maigida yana mayar mini da Larabci: bayi aka fara kawowa daga Afirka, da aka hana bauta aka kwaso mutane daga Indiya a kan kwantiragi, har da kakanta. Da ya zo kan kwantiragi sai ya rage murya. Ni ma ban dube shi ba.

Ƙishi ya kama ni. Ga rake a gefen hanya. Na sa ƙafa na karya ɗaya, na fara ɓarewa da haƙori. Mai gadi ya daka tsawa, maigida ya ce, "Me ka yi? Yalla, ajiye!"

Dattijuwar ta ɗaga musu hannu. Ta ce a kan abin nan da na yi aka zane kakanta a wurin nan. Da ya tsufa ya samu ɗan fili nasa, ranar saran farko zama ya yi yana shan rake har muƙamuƙinsa ya gaji. Filin yana hannunsu har yau. Ta karɓi raken, ta karya biyu, ta ba ni rabi. Muka sha a tsaye.

A garinmu mai wucewa yakan ce sannu da aiki, ya karya ɗaya ya wuce. Baba ma shi yake zaɓa wa baƙo mai kauri. Wahalar kawai na riƙe, ban taɓa lura cewa babu mai tsawata masa a gonar nan ba.

Muka dawo Doha, zafi ya tare mu tun daga ƙofar jirgi. Na sauke kaya, na kira gida.

"Yaya, kada a sayar."

"Kai da ka rantse ba ka sake riƙe adda?"

"A bar mini ita. Kwantiragin nan ne na ƙarshe."

Sai ya ce, "To, Allah ya kawo ka. Dama ni ma ba son raina ba ne."

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Saran rake wahala ne a ko'ina. Amma gara in gaji a inda zan iya ba baƙo kyauta ban tambayi kowa ba.