Ruwan da na saki a gonar Baba Ladan

Wata Talata ce da sassafe, saura mako uku bikin Ista, ina aji biyar na firamare, na tsaya a bakin lambatu da bokiti a hannu ina kallon gonar albasar Baba Ladan ta koma tafki. Ganyen albasar da ya riga ya kwanta, alamar ta nuna, yana ta yawo a kan ruwa, balbelu sun sauka suna tsince-tsince. Baba Ladan ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana tsaye a tsakiyar fangalin albasar, ya kama ƙugu. Manoma sun taru, kowa yana tambayar wanda ya buɗe ruwa. Ni na san ko wane ne, domin da diddigen ƙafata na fasa toshiyar jiya da la'asar.

Mu baƙi ne a Taloka. Daga Zuru aiki ya kawo mahaifina, yana ba da magani a wani ƙaramin asibiti, kuma gidajen Kirista a yankin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Baba Ladan maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Da Sallah matarsa takan aiko mana da nama, da Kirsimeti mu kai musu shinkafa. Shi ya yanka wa Mama wani ɗan fili a ƙarshen gonarsa, aro, ta shuka alayyafo da yakuwa da tumatir. Ban ruwan wannan fili aikina ne, safe da yamma, da bokiti, daga babban lambatu. Na tsani aikin nan kamar me. Ƙawayena suna can gindin ɗorawa suna 'yar gala-gala, ni ina nan ina jidar ruwa, wuyana kamar zai karye.

Ran nan sai dabara ta zo mini, irin dabarar malalaci. Na ga idan na fasa ƙasar da aka toshe bakin ƙaramin lambatu da ita, ruwa zai bi da kansa har alayyafon Mama. Na sa diddige na ture ta, ruwa ya kama hanya, na ce bari in yi wasa ɗaya in dawo in toshe. Wasa ɗaya ya zama goma, aka kira magariba, na ruga gida. Ko da na tuna ina kan tabarma, ban damu ba, don a tunanina ruwa alheri ne ga kowace shuka. Ban san cewa idan albasa ta nuna akan yaye ta daga ruwa, a bar ta ta sha rana kafin a cire, ba. Wadda ta sha ruwa a wannan lokaci ba ta ajiyuwa, ruɓewa take yi. Ɗan shekara biyar a Taloka ya san wannan, ni ce kawai ban sani ba.

Ranar da na fasa toshiyar kuwa layin ban ruwa na Baba Mani ne, ɗan ƙanen mahaifin Baba Ladan, wanda gonarsa ke sama da tamu. Sai zargi ya faɗa kansa. Ya rantse ya toshe kafin ya tashi, Baba Ladan ya ce ruwa ba ya da hannu. Dattawan nan biyu da suka shekara da shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya a ƙofar gida, sai ga shi ko gaisuwa ta gagara. Aka cire albasar aka jibge a rudu, rumfar kara da ake ajiye ta, ba a yi mako ba wari ya fara tsallako katanga. Na ja bakina na yi gum. Ina tsoron bulalar Babana, amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a karɓe filin Mama, a ce ɗiyar baƙi ce ta yi, mu rasa gidan da ya fi kowane riƙe mu a garin.

A daidai wannan lokaci ne 'yar majami'armu ke shirin taron farkawa, wato na sabunta bangaskiya. Za a yi kwana uku, mai wa'azi zai zo daga nesa, 'yan'uwa za su taho daga Goronyo da Rabah da Wurno. Maza suka shafa wa bango farar ƙasa, zumuntar mata suna gwajin waƙa da kiɗan tulu kowace yamma, aka sa azumi ranar Laraba. Babu wanda ya kai ni himma. Na haddace ayoyi fiye da kowa, na share harabar har sau uku a rana, tsofaffi suna ta sa mini albarka, ni kuwa kowace albarka sai in ji ta kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Fastonmu, wani siririn dattijo mai tsohon keke, kullum maganarsa ɗaya ce: "Mai wa'azi ba zai zo muku da farkawa a cikin jaka ba. Kowa ya duba in akwai wanda ya ɓata wa, ya je ya same shi tun kafin ranar." Da ya faɗa sai in sunkuyar da kai in ƙura wa yatsun ƙafata ido.

Mama ce ta gano ni. Ta lura na daina cin miya in na ga albasa a ciki, ni da nake cinye ta ɗanya. Ranar Asabar tana yi mini kitso, kaina a kan cinyarta, ta ce, "Rifkatu, wannan shara da kike yi ba dare ba rana, me kike son binnewa?" Sai kuka ya ƙwace mini, na faɗa mata duka. Hannunta ya tsaya cak a kaina. Da Babana ya dawo daga aiki ya ji, bai ko dubi inda bulala take ba, ya ce in ɗaura ɗankwali mu tafi. Na ce ai na riga na roƙi Allah gafara, kullum ina roƙo. Ya ce, "Allah ya ji. Baba Ladan ne bai ji ba."

Daga ƙofarmu zuwa tasu taku kaɗan ne, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Muka same shi a bakin rudu yana ware ruɓaɓɓu. Na durƙusa na faɗa, kitsona rabi a tsefe. Ya daɗe yana juya wata albasa a hannunsa, sannan ya ce, "Mi kinka ce? Ke ta kinka buɗe ruwan?" Na ce ni ce. Babana ya ce masa in ya ga dama ya karɓi filinsa, ba za mu ga laifinsa ba. Baba Ladan ya girgiza kai. "Likita, bar zancen hili. Albasa ana shuka wata. Ni ɗan'uwana nika tunani, da na ɗora mai abin da bai yi ba." Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce mini, "Tashi, ɗiyata, mu tai ki maimaita gaban Mani."

Na maimaita. Baba Mani ya saurara har ƙarshe, ya dubi ɗan'uwansa, ya ce, "To, ashe ruwan na da ƙahwa, ba hannu ba." Baba Ladan ya nemi gafararsa a gabana, abin da ban taɓa ganin babba ya yi ba, suka yi musabaha. Hukuncina shi ne ware albasa a rudu kwana uku bayan makaranta, har warin ya kama jikina, ƙannena suka riƙa toshe hanci in na wuce. Ban damu ba ko kaɗan. Ran nan na ci tuwo malmala biyu, na yi barcin da rabona da shi tun ranar Talatar nan.

Aka yi taron, majami'a ta cika har waje. In faɗi gaskiya, ban riƙe ko kalma ɗaya daga wa'azin baƙon ba. Abin da na riƙe shi ne na yi waƙa da dukan muryata, kuma da muka taso da yamma na tarar da dattawan nan biyu a ƙofar gida, akushi ɗaya a tsakaninsu.

Yau ina cikin kwamitin shirya irin wannan taro a birni. Muna buga fosta, mu ɗauko lasifika, mu yi hayar kujeru da rumfa, komai tsaf. Baba Ladan da Baba Mani sun daɗe da rasuwa, fastonmu ma haka, kuma ban san wanda ke noma ɗan filin Mama yanzu ba. Ina kewar garin da laifin mutum ke tsallako katanga ya same shi. Duk shekara, kafin in taɓa tsintsiya, sai in zauna in tambayi kaina ƙofar wa ya kamata in fara ƙwanƙwasawa.