Barewa Ba Ta Saci Tashi Ba

A layinsu kowa Barewa yake ce mata, har yaran da ba su taɓa ganin gudunta ba. Tela ce yanzu, shagonta ɗaki ɗaya mai keken ɗinki biyu da fanka mai kuka, gwiwarta ta hagu kuwa sai da lallashi take hawa matakala. Amma tana budurwa ta ci gasar tseren makarantu, shaidar kuma tana kan wani faifan bidiyo da ta naɗe a ƙyalle cikin akwatin zare.

Ƙaninta Auta, sarkin shisshigi, shi ya jawo fitinar. Na'urar kallon faifai ta gidan ta daɗe da mutuwa, sai ya kwafe faifan a kwamfuta ya tura wa dangi a waya. Tseren yana can ƙarshen faifan. Mai ɗaukar hoton ita kaɗai ya haska a kan layi, daga nan ya yanke sai wurin ƙarewa. To, a kwafin Auta, sai ga Barewa ta zabura ta fice, can daga baya bindigar tashi ta ce tau!

Kai, dangi ba su da kirki! Wannan ya turo dariya, wancan ya ce ashe shekara da shekaru da kambun sata ake yi musu taƙama. Duk ta shanye. Abin da ya ƙona mata rai 'yarta ce, wadda ita ma ta fara tsere a makaranta. Yarinyar ta tsaya bakin keke tana murza gefen riga, ta ce, "Mama, da gaske ne?"

"Ni?" in ji Barewa. "Ɗauko min mayafina."

Ta dira a shagon mai gyaran kwamfuta na bakin titi, ta ajiye faifan da wayar a kan tebur. Ya kalli kwafin, ya ce abu mai sauƙi ne, sauti ne ya makara, bari ya jawo shi gaba. Ya jawo, bakin mai raba kyauta a ƙarshe ya dace da maganarsa. Barewa ta ce ya koma farko. Ai kuwa sai ga shugaban makaranta ana jin jawabinsa tun bai buɗe baki ba.

"Ki bar shi haka mana, Anti. Ba tseren kike so ba?"

"Ka ja sauti yadda ya yi min daɗi, gobe Auta ya ce haɗa baki muka yi? Ba alfarma na zo nema ba, malam. Ko ya daidaita daga farko har ƙarshe, ko ba inda za ni."

Ta ja kujera ta zauna daram, ta zaro rigar wata mata ta hau ɗinke bakinta da allura. Mai gyara ya ga dai ba tashi za ta yi ba, ya zauna ya bi abin a hankali. Ashe wajen kwafar Auta ya sauya saurin hoton, ya bar sautin yadda yake. A farko tare suke tafiya, kaɗan-kaɗan hoton yana tsere wa sautin, kafin a kai ƙarshe tazara ta buɗe. Ita da ke haɗa yadi biyu kullum ta gane nan take: in ɗaya ya fi ja, a sama daidai suke, sai a ƙasa ka ga rigima.

Ya goge ƙurar faifan, ya sake kwafa da ainihin saurinsa. Baki ya dace da murya a farko, ya dace a tsakiya, ya dace a ƙarshe. Ya ce ta kalli tseren, ta ce a'a, ba za ta gani ba sai a gaban masu bakin. Da yamma ta tara su a falo, Auta a gaba, 'yarta a gefenta.

Ga Barewa ta sunkuya a kan layi. Bindiga ta ce tau! Ba ta motsa ba. Ana jin ƙafafun sauran sun yi gaba, ita tana fama da takalmin da ya zame mata. Sai wata murya ta keto daga cikin jama'a: "Tashi mana, uwata!"

Muryar marigayi babansu ce. A kwafin Auta ta faɗa can wurin ƙarewa, kowa ya ɗauka ihun 'yan kallo ne. Auta ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan wayarsa. Ita ma kukan ya zo mata, amma wallahi ba a gabansu ba.

Ta juya ga 'yarta ta ce, "Kin gani? Ni ce ƙarshen tashi, ni ce farkon isa. Auta, tura wa sauran dangi wannan, kada ka tsallake ko mutum ɗaya."